Ƙuri'ar Jeranta Gwanaye da Tarihin Hanyoyin Zaɓe a Nijeriya: Waiwaye daga Ƙasar Suleja

1.0 Gabatarwa

Duk inda mutum uku ko fiye suka nemi kujera ɗaya, to, akwai yiwuwar wanda ya zo na ɗaya ya kasance mafi yawan jama'a ba shi suka zaɓa ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara da kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. A na 2023, Bola Ahmed Tinubu ya yi nasara da kimanin kashi 37. Wato a duk zaɓuɓɓukan nan biyu, fiye da mutum shida cikin goma wani ɗan takara daban suka dangwala wa. Wannan matsala ce ta haifar da wata hanyar zaɓe da ake ta muhawara a kanta a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe, inda mai zaɓe yake jera 'yan takara bisa yadda yake son su, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A wannan takarda an kira ta ƙuri'ar jeranta gwanaye, bisa kwaikwayon "zaɓen fid da gwani" da Bahaushe ya riga ya saba da shi.

Nijeriya ba ta taɓa aiki da wannan hanya a zaɓen gwamnati ba. Duk da haka, tambayar da hanyar ta zo amsawa tsohuwa ce a tarihinmu. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa zaɓi na biyu ya daɗe yana aiki a siyasar ƙasar nan, sai dai kullum shugabanni ne suke sarrafa shi a madadin talakawa. Za a kawo misalai daga tarayya da Jamhuriyar Nijar da kuma Jihar Neja, musamman yankin Diko da Suleja, sannan a dubi abin da ya shafi manazarta harshe a cikin lamarin.

2.0 Yadda Tsarin Yake da Asalinsa

Mai zaɓe yakan rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, haka har ya gama. Idan wani ya samu fiye da rabin ƙuri'un farko, magana ta ƙare. Idan ba wanda ya samu, sai a fitar da na kashin baya, a duba takardun magoya bayansa, a miƙa kowace ga wanda aka rubuta wa 2. A ɗauka mutum ɗari ne suka yi zaɓe: Audu ya samu 40, Bala 35, Tanko 25. A tsarin da muka saba da shi Audu ya ci. A wannan tsari kuwa Tanko zai fita, idan 18 daga cikin mutanensa Bala ne zaɓinsu na biyu, 7 kuma Audu, sai Bala ya tashi da 53, Audu da 47.

Tunanin jeranta 'yan takara ya shahara ne ta hannun masana lissafi na Faransa, wato Borda da Condorcet, a ƙarshen ƙarni na 18. Thomas Hare na Ingila ya tsara wata hanyar miƙa ƙuri'a a shekarun 1850. Ƙasar Ostireliya ta karɓi tsarin a zaɓen majalisar wakilanta a 1918, bayan wani zaɓen cike gurbi a mazaɓar Swan, inda ɗan jam'iyyar Leba ya ci da kimanin sulusin ƙuri'u saboda abokan hamayyarsa sun raba tasu. Abin lura a nan shi ne gwamnatin da ta kawo sauyin ita ce wadda rabuwar ƙuri'ar ta cutar. Da wuya a sami wata gyaran dokar zaɓe a tarihi wadda ba ta da irin wannan tushe.

3.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu goyon baya suna cewa tsarin yana hana ɗan takara mai ƙaramin ƙarfi ya zama ɗan ɓata ruwa, yana kuma sa mai neman kujera ya lallashi magoya bayan abokin karawarsa, tunda yana bukatar zaɓinsu na biyu. Masu suka kuwa suna cewa yana da wuyar fahimta, yana jinkirta sakamako, kuma yana iya fitar da ɗan takarar da kowa zai iya haƙuri da shi tun a zagayen farko, don kawai ba shi da masoya na ga-ni-kashe-ni da yawa.

A Ingila an yi ƙuri'ar raba gardama a kansa a watan Mayu na 2011, kimanin kashi 68 suka ƙi. A Amurka, jihar Maine ta karɓe shi a 2016, kuma a 2018 Jared Golden ya ci kujerar majalisar wakilai bayan ya zo na biyu a ƙirgen farko. Jihar Alaska ta karɓe shi a 2020, aka nemi soke shi a 2024, ya tsira da ƙuri'u 'yan ɗaruruwa kacal. Jihohin Florida da Tennessee kuwa doka suka yi a 2022 suka haramta shi.

Muhawarar da ta fi kusa da mu ita ce ta masanan nan biyu, Donald Horowitz da Arend Lijphart, a farkon shekarun 1990. Horowitz yana ganin ƙasar da ƙabilanci ya rarraba tana bukatar dokar zaɓe da za ta tilasta wa ɗan siyasa neman ƙuri'a a wajen ƙabilarsa, har ma yakan kafa hujja da tsarin mulkin Nijeriya na 1979. Lijphart yana ganin gara a ba kowane rukuni kujeru daidai da yawansa, sannan shugabanni su zauna su raba mulki. An gwada shawarar irin ta Horowitz a tsibirin Fiji a ƙarƙashin tsarin mulkin 1997. Sai dai a can an ba mai zaɓe damar ya yi alama ɗaya a gaban jam'iyya, ita kuma ta jera masa sauran. Mafi yawan jama'a hakan suka yi, sai zaɓi na biyu ya koma hannun shugabannin jam'iyyu. Gwamnatin da ta fito daga zaɓen 1999 an kifar da ita a watan Mayu na 2000.

4.0 Tarihin Al'amarin a Nijeriya

4.1 Daga Zaɓen Hawa-hawa zuwa Akwati

Zaɓen 1951 a Jihar Arewa na hawa-hawa ne. Mutanen unguwa ko ƙauye suna zaɓar wakilai, wakilan su zaɓi na sama da su, har a kai mataki na ƙarshe a lardi, inda aka ba En'e ikon ƙara nata mutanen. 'Yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma ko ɗaya daga cikinsu bai kai Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. A irin wannan tsari, talaka ba shi da ko zaɓin farko da zai isa inda ake yanke hukunci.

A zaɓen tarayya na Disambar 1959 ne maza a duk faɗin Arewa suka yi zaɓe kai tsaye a asirce. Mata ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970. Saboda ƙarancin masu karatun boko, an ajiye wa kowane ɗan takara akwatinsa ɗauke da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwar manja na AG. Mutum ya shiga bayan labule ya saka takarda a akwatin da yake so. NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, wato ba ta kai rabi ba. Shugabannin NPC da na NCNC suka ƙulla gwamnatin haɗin gwiwa, alhali NEPU, babbar abokiyar gabar NPC a Arewa, ƙawar NCNC ce a wancan zaɓe. Wanda ya zaɓi tauraro a Kano don ya kayar da fartanya sai ya wayi gari ƙawar jam'iyyarsa tana gwamnati da fartanya, ba tare da an tambaye shi ba.

4.2 Sha Biyu da Biyu bisa Uku

Bayan yaƙin basasa, kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 a ƙarƙashin Rotimi Williams ya nemi maganin shugaban ɓangare ɗaya. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Manufar daidai take da ta jeranta gwanaye, wato a sami shugaban da karɓuwarsa ta wuce gidansu. Bambancin shi ne an auna karɓuwar da taswira, maimakon a tambayi mai zaɓe.

A zaɓen 11 ga Agustan 1979 jihohi 19 ne, 'yan takara biyar. Shagari na NPN ya sami ƙuri'u 5,688,857, Obafemi Awolowo na UPN 4,916,651. Shagari ya cika rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya mamaye, kashi 19.94 ya samu. Richard Akinjide ya kawo hujjar cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bi wannan lissafi, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Da an ce sai jihohi 13, da 'yan majalisu ne za su zauna su zaɓa tsakanin Shagari da Awolowo. Ko ta wace hanya aka bi, magoya bayan Aminu Kano da Nnamdi Azikiwe da Waziri Ibrahim, waɗanda sun haura kashi ɗaya bisa uku na masu zaɓe, ba su da wurin faɗin wanda suka fi so a cikin biyun. Bayan haka NPN da NPP ta Azikiwe suka ƙulla yarjejeniya, ta watse a 1981.

4.3 Ƙato Bayan Ƙato

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta bi wata hanya dabam. A 1989 ta kafa jam'iyyu biyu kacal, SDP da NRC. Inda 'yan takara biyu ne, dole ɗaya ya haye rabi, ke nan an kashe matsalar zaɓi na biyu ta hanyar rage zaɓin kansa. Hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta kuma kawo zaɓen fili, inda jama'a ke yin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga su. Hausawa suka raɗa masa suna "ƙato bayan ƙato". Da shi aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990 da na gwamnoni na Disambar 1991, wanda ya kawo Dokta Musa Inuwa na NRC a Jihar Neja.

Masu yabon layi sun ce ba a cusa ƙuri'ar bogi a cikinsa, ido na ganin ido. Masu suka sun ce ya tone asirin mai rauni. Gari kamar Diko, da ke Ƙaramar Hukumar Gurara kusa da Suleja, ya isa misali. Garin Gbagyi ne, da Kirista da Musulmi, ga kuma Hausawa da Fulani da sauran baƙi da kasuwa ko aiki ya kawo. A irin wannan wuri, mai aron gona zai yi layi ne a gaban mai gona, matar aure a gaban mijinta, ɗan haya a gaban mai gida. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi garin da ba nasu ba ya san nauyin tsayawa a layin da masu masaukinsa ba sa ciki. Kenya ta gwada irin wannan layi a 1988, aka yi ta ƙorafin cewa an ba gajeren layi nasara a kan dogo, ta bar shi a 1990.

Mutane da yawa suna haɗa layi da tsarin A4, amma A4 hanyar fid da gwani ce ta hawa-hawa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa babban taro. An kawo shi ne bayan soke zaɓen fid da gwani na 1992 da haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. A babban taron SDP a Jos a watan Maris na 1993, M.K.O. Abiola ya zo na ɗaya a zagayen farko, Babagana Kingibe na biyu, Atiku Abubakar na uku. Atiku ya janye wa Abiola, Abiola ya ci zagaye na biyu, daga baya kuma ya ɗauki Kingibe mataimaki. Wannan shi ne fitar da na baya da miƙa ƙuri'unsa, kamar dai a jeranta gwanaye, sai dai manya ne suka yi miƙawar. Zaɓen 12 ga Yunin 1993 kansa ba da layi aka yi shi ba. An tantance masu zaɓe da safe, kowa ya dangwala a asirce, ya jefa a akwati a fili, aka ƙirga nan take. Ƙirgen nan na gaban jama'a yana cikin dalilan da suka sa aka yarda da sakamakon, wanda aka soke a ranar 23 ga Yuni.

4.4 Darasi daga Nijar

A wannan shekara ta 1993 maƙwabtanmu na Nijar sun bi tsarin Faransa na zagaye biyu. A zagayen farko a Fabrairu, Mamadou Tandja na MNSD ya sami kimanin kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS, ɗan Damagaram, kimanin 27. Mahamadou Issoufou da Moumouni Djermakoye, kowanne da kimanin kashi 15, suka mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC, ya ci zagaye na biyu a watan Maris da kimanin kashi 54. A nan an tambayi talaka zaɓinsa na biyu, amma bayan shugabanni sun gama raba muƙamai. Issoufou ya ajiye muƙamin Firayim Minista a Satumbar 1994, ƙawancen ya rushe, kuma a ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓe mulki. Rinjayen da aka haɗa don a kayar da wani bai cika ɗorewa ba idan wanda ake gudu ya faɗi.

4.5 Karɓa-karɓa a Jihar Neja

Jihar Neja, wadda aka kafa a 1976, ta haɗa Nupawa da Gbagyi da Hausawa da Kambari da wasu al'ummu da dama. Gwamnanta na farar hula na farko, Alhaji Awwal Ibrahim, mutumin Suleja ne, daga baya ya zama Sarkin Zazzau Suleja. Tun 1999 kujerar gwamna take zagayawa tsakanin shiyyoyi uku: Abdulƙadir Kure daga shiyyar A a 1999, Mu'azu Babangida Aliyu daga shiyyar B, wadda Diko da Suleja suke ciki, a 2007, Abubakar Sani Bello daga shiyyar C a 2015, sai Muhammad Umaru Bago daga shiyyar A a 2023. Tsarin mulki bai san da wannan ba, fahimtar juna ce ta 'yan siyasa. Ta rage zafin gasa, amma ta nuna cewa tun kafin a buga takardar ƙuri'a an riga an tace wanda zai hau kanta. Haka kuma sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa mai neman gwamna rubu'in ƙuri'u a biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Neja tana da 25, biyu bisa ukunsu kuwa 16 ne da biyu bisa uku. Ragowar lissafin 1979 tana nan kwance. A tarayya ma gardamar ta sake tasowa a 2023 a kan matsayin Abuja, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoba cewa rubu'in ƙuri'unta ba sharaɗi ne na daban ba.

5.0 Abin da ya Shafi Harshe

Kalmar "ƙuri'a" daga Larabci take, asalin ma'anarta abin da ake jefawa don a fid da rabo. Aikatan da suke tafiya da ita, wato jefa da kaɗa da dangwala, duk aiki ne na sau ɗaya. Kowace hanyar zaɓe kuma ta bar sawunta a Hausa: 'yar tinƙe, masalaha, karɓa-karɓa, zagaye na biyu, "sak" ga mai bin jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, "wake da shinkafa" ga mai gauraya su. Waɗannan sunaye daga bakin jama'a suka fito, shi ya sa suka zauna.

Tunanin jeranta so ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Nahawunsa yana da ginin jimla na musamman a kansa, kamar "da Audu gara Bala" ko "gwamma Tanko da Audu". Karin maganarsa ma ya ce da babu gara ba daɗi, ya kuma ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wahalar tana wajen mayar da wannan tunani kan takarda. Tun 1959 ake tsara ƙuri'armu yadda wanda bai iya rubutu ba zai iya amfani da ita, jerantawa kuwa tana bukatar lambobi. Mai bayani zai fayyace cewa 1 matsayi ne, kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji, don kada wani ya ɗauka 3 ta fi 1 yawan maki ya ba masoyinsa. Wanda ya tashi a makarantar allo kuma ya san lambobin Larabci, inda biyar take kama da sifirin boko, shida take kama da bakwai. Sannan a gari kamar Diko, Hausar kasuwa ba za ta wadatar ba, sai an yi bayanin da Gbagyi, a Bida da Nupanci. Ƙasar Fafuwa Niyu Gini, mai harsuna fiye da 800, ta koma wa tsarin a zaɓen 2007 ta taƙaita shi ga zaɓi uku, wanda ya nuna yawan harsuna bai hana ba idan an yi aikin.

Babban cikas shi ne ƙirge. Ba a iya sanin wanda zai fita sai an tattara ƙuri'un mazaɓa gaba ɗaya, don haka rumfa ɗaya ba ta iya kammala lissafinta. Amincewar ɗan Nijeriya da zaɓe kuwa a rumfa take, tsoronsa yana wurin tattarawa, kamar yadda rigimar aika sakamako ta intanet a 2023 ta nuna. Ko a birnin New York, a 2021 hukumar zaɓe ta haɗa kimanin ƙuri'un gwaji 135,000 a lissafi bisa kuskure, ta janye sakamakon wucin gadi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Nijeriya ta nemi shugaba mai karɓuwa ta hanyoyi daban-daban: haɗin gwiwa a 1959, rubu'in jihohi a 1979, jam'iyyu biyu a 1989, karɓa-karɓa daga 1999. A kowane mataki zaɓi na biyu yana hannun masu jam'iyya ko alƙalai ko masu rubuta doka. Abin da ƙuri'ar jeranta gwanaye ta zo da shi sabo shi ne miƙa wannan zaɓi ga mai dangwalawa, kuɗinsa kuma shi ne ƙirge mai tsawo a nesa da idon jama'a. Ra'ayin wannan takarda shi ne wurin da ya dace a fara gwada shi shi ne inda masu zaɓe kaɗan ne kuma a zaure ɗaya ake ƙirgawa, kamar zaɓen ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai da na wakilan jam'iyya. Kafin nan, aikin manazarta harshe ne su tattara kalmomin zaɓe na Hausa da Gbagyi da Nupanci da sauran harsunanmu, su gwada bayanin jerantawa a kansu, su ga sunan da bakin jama'a zai karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.